Hirar Wilfrido Tana Buɗe

Cartagena, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Nohemí,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya sanyin Tunja, yaya gwiwar nan taki da ba ta shiri da durƙuso? Ina fata babbar sistarku da sauran 'yan'uwa duk suna lafiya. Ki gaishe su da kyau.

Yaya, da ana barin waya a gidan naku da ban tsaya neman takarda ba. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Ƙanenmu Wilfrido ya fita kamun kifi ranar Litinin da asuba, shi da Baba Tiburcio, tsohon nan da ya koya masa jefa raga, kuma har yau ba su dawo ba. Iskar Janairu ce ta taso da rana tsaka, ba wanda ya zata za ta yi wannan ƙarfin. Sojojin ruwa sun fita nema, masuntan garinmu Caño Manso ma duk mai ɗan fetur a inji ya fita. Ba kwalekwale, ba raga, ko hularsa ba a gani ba.

Kin shiga gidan sistocin coci kafin in fara aikin da nake yi, kuma duk sanda na so in yi miki bayaninsa sai ki dafe kai ki ce in rufa miki asiri. Yau dole ki saurara, don yanzu idon gidanmu gaba ɗaya a kansa yake. Ni da abokin aikina Yeison mun yi wa ƙungiyar masunta wata manhaja ta waya. A cikinta akwai na'urar hira, su da kansu suka raɗa mata suna Compae, yadda suke kiran junansu. Mutum ya tambaye shi yadda iska za ta kasance, ko nawa ake sayen kifi a Tolú, ko me ya sa inji ke tari, sai ya ba shi amsa. To kin san a teku ba sabis. Shi ya sa muka tsara abin yadda ba sai an tsaya jiran juna ba. Masunci ya faɗi saƙonsa, saƙon ya kwanta a cikin waya, shi kuma ya koma jan ragarsa. Duk sanda wayar ta shaƙi sabis, ko na ƙiftawar ido ne, sai ta turo wa babbar kwamfutarmu abin da ta tara, ta kwashi amsoshin da ke jiran ta. Kowace fita hira ɗaya ce mai lambarta. Wayar ce ke buɗe ta in an bar gaɓa, a kanta kuma ake rufe ta in an dawo. In kuma aka yi mako ba motsi, kwamfutar ce ke rufewa da kanta, duk saƙon da ya zo bayan nan da tsohuwar lamba watsar da shi take yi.

Hirar Wilfrido tana buɗe. Abu na ƙarshe a cikinta na safiyar Litinin ne, suna bakin fita. Ya ce, "Compae, yau iska za ta bar talaka ya ci abinci kuwa?" Aka ce masa za ta ɗan tashi da yamma, ya dawo da wuri. Ya ce, "Kai da ba ka taɓa jiƙa ƙafa ba, kai ne za ka koya mini ruwa." Kin san bakinsa. Daga nan shiru.

Mama ta kira ni jiya, muryarta duk ta dushe. Ta ce, "Ke ba ke kika ƙera abin ba? Kira shi mana!"

Na ce, "Mama, ba ya kiruwa. Mu ba ma iya ƙwanƙwasa wa wayar, ita ce ke ƙwanƙwasa mana in ta samu hanya."

Ta ce, "Wannan wane irin abu ne, sai yaro ya ga dama zai gaida uwarsa? Karatun da kika yi ke nan?"

Tun ranar Litinin nake zaune gaban allo ina kallon layi ɗaya, tsoro ya cika ni. Gobe zan hau mota in tafi gida, Yeison ya ce zai riƙe ofis.

Ki yi mana addu'a, ki sa 'yan'uwanki su taya ki. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Ledys


Caño Manso, ranar Asabar ta sama

Yaya Nohemí,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ina fata takardata ta farko ta same ki, duk da ban ga amsa ba tukuna. Mu nan muna nan da rai. Mama na cin abinci kaɗan-kaɗan, ƙafarta ta kumbura saboda tsayuwa a bakin ruwa.

An daina nema. Sojojin ruwa sun yi iya ƙoƙarinsu sun koma, masunta kuma suna da bakunan da za su ciyar. Ba na ganin laifin kowa.

Rigimar da ke gidan yanzu ta addu'ar dare tara ce da ake yi wa mamaci. Dalgis, matar Wilfrido, ta ce a shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a kunna kyandir, a ajiye masa kofin ruwa kamar yadda ake yi, don ba ta iya barci tana tunanin yana can ba a yi masa komai ba. Yarinyar ta rame, Yaya, sai ido. Mama ta ce duk wanda ya kunna kyandir a gidanta zai gane kurensa. Da aka ce mata Inna Petrona, matar Baba Tiburcio, har ta fara nata, sai ta ce, "Ita ta sani. Ta binne mijinta da ransa, dama ta gaji da minsharinsa. Ni ɗana hirarsa a buɗe take."

Wannan maganar daga wurina ta samo ta, kuma ita ce ke hana ni sukuni. Ranar da na iso ta sa ni gaba sai na nuna mata abin. Na buɗe shafin ƙungiya a wayata, na nuna mata sunansa da ɗigon kore a gefe, na ce kore na nufin ba a rufe hirar ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ita kuma abin da ta ji daban. Yanzu kullum da safe, kafin ta ɗora kofi, sai ta leƙo ɗakina ta ce, "Kore ne?" In ce kore ne. Sai ta gicciye kanta ta tafi kicin har da ɗan waƙe-waƙenta.

Yaya, mako ya cika tun ranar Litinin. Da na ƙyale abin da tuni ya rufe. Ni ce nake shiga kowace safiya ina tura lokacin rufewar gaba da kwana ɗaya, da hannuna. Ina da dalili na gaskiya, in saƙo ya zo bayan an rufe, ya tafi ke nan, ba mai ganinsa. Amma Mama ta ɗauka wayarsa ce ke riƙe da koren daga can inda yake, ni kuma na kasa buɗe baki in gyara mata.

Yeison ya kira ni a kan haka. Ya ce, "Madam, ina ganin sawunki kullum a cikin na'ura. Ki bari in cire wa hirar agogon gaba ɗaya, ki huta da wannan tashin asubar."

Na ce ya bar mini kayana.

Ya ce, "Taurin kai dai gadon gidanku ne."

Na ce eh, na ji. Shi ne kaɗai abin da nake iya yi wa ƙanena a duniyar nan yanzu, in aka cire agogon me zan tashi in yi?

Abin ya wuce gidanmu. In na bi ta rumfar ƙungiya, mazan da ke ɗinkin raga sai su ɗago su ce, "Injiniya, yaya mutumin namu, yana kore?" Shekaranjiya kuma Inna Petrona ta zo da kanta, da baƙaƙen kayanta, ta tsaya a ƙofa ta ƙi shigowa saboda maganar da Mama ta yi ta kai mata. Ta kira ni gefe ta ce, "'Yar nan, in na Wilfrido a buɗe yake, ai tare suke da tsohon nawa, ko?" Na ce tare suka fita. Ta koma gida ta hure kyandiroranta a tsakiyar kwanakin addu'a, abin da ban taɓa jin an yi ba a garin nan. Kunya da baƙin ciki sun hana ni fita jiya.

Ke kin fi ni sanin abin da ya dace. Ki rubuto ki gaya mini ko in faɗa wa Mama, ko in ƙara jira. Dalgis na gaishe ki. Ki riƙa sa safa, kada sanyin nan ya kama miki ƙirji.

Taki har kullum,
Ledys


Caño Manso, Talata da rana

Yayata,

Gaisuwa a gurguje, ina fata kina lafiya, ki yi haƙuri da rubutun, sauri nake yi. Saƙo ya shigo! Daga wayar Wilfrido, yau da hantsi!

Ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara, na duba shafin ƙungiya, sai ga shi ƙarƙashin sunansa, da muryarsa: "Compae, inji ya ƙi tashi, iska na jan mu waje. Muna hango hasumiyar tsibiri ta hannun hagu. Gaya wa ƙungiya. Kada a faɗa wa Mama tukuna, za ta tara mini gari." Yaya, har da 'yar dariyar nan tasa a ƙarshe.

Na ƙwala ihu, Mama ta fito da ludayi a hannu. Sau nawa na kunna mata ban sani ba. Ta ce, "Ji ɗan banza! Kada a faɗa wa Mama! Zai dawo ya same ni, sai na ja kunnen nan nasa har ya taɓa kafaɗa." Tana faɗa tana kuka tana dariya. Dalgis kuwa zama ta yi daɓas a ƙasa ta rufe fuska. Inna Petrona ta shigo a guje ba takalmi, ita da Mama suka rungume juna kamar ba su taɓa faɗa ba.

Kwalekwale duk sun fita, har waɗanda suka ce ba su da mai, an yi karo-karo an zuba musu. Sun nufi wajen hasumiyar. Mama ta ɗora shinkafar kwakwa a babbar tukunya, ta aika a sayo ayaba, ta ce mutanen da suka daɗe a ruwa ba a tarbar su da tukunya ƙarama.

Kin ga da na bari ta rufe? Da wannan saƙon ya zo an watsar da shi. Na gode wa Allah da taurin kaina.

Mai babur ɗin da zai kai takardu Tolú yana ta danna mini oda a ƙofa. Ki faɗa wa sistoci su yi godiya. Zan rubuto da zarar sun taka ƙasa.

Ledys


Caño Manso, ranar Juma'a

Zuwa ga Yaya Nohemí,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta duk mutanen gidanku. Allah ya sa wannan ta same ki da ƙarfin zuciya.

Na san takardata ta ranar Talata za ta riga wannan isa. Za ki karanta ta, ki durƙusa da gwiwar nan ki yi godiya, ki kwana biyu kina murna kafin wannan ta zo. Na bi mai babur da waya a kan ya dawo da ita, ya ce ta riga ta shiga mota. Ki yafe mini, ba yadda zan janye ta.

Wilfrido bai dawo ba, Yaya, kuma ba zai dawo ba.

Kwalekwale ba su daɗe da ɓacewa daga ido ba Yeison ya kira. Ba wasa a muryarsa. Ya ce, "Ledys, kin buɗe cikin saƙon kuwa, ko shafin ƙungiya kawai kika duba?" Nan take na san abin da zai ce. Kowane saƙo lokaci biyu gare shi, lokacin da aka faɗe shi a waya da lokacin da ya iso wurinmu. Shafin ƙungiya na biyun yake nunawa, saboda a kullum tazarar ba ta wuce 'yan awoyi, ba wanda ya damu. Na buɗe. An faɗi saƙon ne ranar Litinin ɗin da suka fita, da la'asar. Ni da na gina abin da hannuna, ni da nake koya wa mutane cewa isowar saƙo ba ta nufin yanzu aka yi shi, ban duba ba. Ban so in duba ba ne.

Na kasa faɗa wa kowa a ranar. Na bar Mama tana juya shinkafa, na bar maza suna ƙona mai a teku. Da magariba suka dawo hannu wofi, ba mai kallon idon wani.

Washegari sauran saƙonnin suka shigo a jere, sai kuma kira daga lambarsa. Wani masunci ne daga wani ɗan tsibiri can yamma. Ya tsinci gorar roba mai murfi tana yawo a ruwa, irin wadda suke sa waya a ciki, kusa da wani ɓallin katako mai shuɗin fenti. Ya kai gida ya sa ta caji don ya nemi mai ita. Ranar Talata ya hau tudu da ita ta ɗan shaƙi sabis, saƙo ɗaya ya fita, sabis ya ɗauke. Da ya shigo kasuwa da ita ranar Laraba sai ta juye sauran. Mutumin kirki, jiya ya kawo ta har gida, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.

Saƙonnin ba su da yawa, duk na yinin nan ne. Ya tambayi yadda ake busar da filogin inji. Ya ce Baba Tiburcio na kwarfar ruwa yana zagin inji da kakannin wanda ya sayar da shi. A ɗaya ya ce, "Compae, ka gaya wa Injiniyar gidanmu abin nan nata kurma ne, sai mutum na buƙatarsa yake yin shiru." Da wasa ya faɗa, na san muryarsa ta wasa, amma ta zauna mini a ƙirji. Na ƙarshe cewa ya yi ruwa ya fara yawa, zai mayar da waya cikin gora kada ta jiƙe. Bai yi sallama da kowa ba, bai san ana sallama ba. Compae kuwa ya amsa kowanne tsaf, kamar yanzu aka tambaye shi: a saki anga, a sa rigar ceto, an sanar da ƙungiya, taimako na tafe. Amsoshin suka sauka a hannun baƙo a tsakiyar kasuwar kifi.

Da mutumin ya tafi, na zaunar da Mama da Dalgis da Inna Petrona na faɗa musu komai, ban rage ba. Dalgis ta tashi ta shige ɗaki. Inna Petrona ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "To bari in je in sake kunna kyandirorin," ta fita tana dafa bango.

Mama ta daɗe tana juya wayar a hannunta. Can ta ce, "Koren fa?"

Na ce, "Ni ce, Mama. Ni nake riƙe da shi."

"Ba shi ba?"

"Ba shi ba."

"Kullum?"

"Kullum da safe, kafin ki leƙo."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya, kin san Mama. Sai ta ce in nuna mata inda ake rufewa, ita za ta rufe wa ɗanta da kanta. Na buɗe manhajar a wayarsa. Yaya, maɓalli ɗaya ne tak muka yi na rufe hira, kuma abin da ke rubuce a kansa shi ne "Na iso gaɓa." Duk zaman da muka yi ni da Yeison muna tsara abin nan, bai taɓa faɗo mana a rai mu yi wani ba. Ta ce in karanta mata, na karanta. Ta janye yatsanta.

Ta ce, "Bai iso ba. Ba zan danna ƙarya a kan ɗana ba."

Na ce ina iya rufewa ta ɓangaren ofis, ba sai an danna komai ba.

Ta ce, "A'a. Ba ke kika buɗe ba. Kin ce in aka ƙyale shi yana rufewa da kansa?"

Na ce eh.

Ta kama hannuna ta riƙe, ta daɗe tana murza shi kamar yadda take yi mana in muna zazzaɓi. Ta ce, "Hannun nan ya gaji, 'yar nan. Saki."

Sai a lokacin na yi kukan da ban yi ba tun farkon abin nan. Ita ta rarrashe ni, alhali ni ya kamata in rarrashe ta.

Jiya da yamma Mama da kanta ta ciro farin ƙyalle daga akwati, ta ƙwanƙwasa wa Dalgis ƙofa ta ce ta fito ta tsiyayo wa mijinta ruwa a kofi. An fara addu'ar, gidan ya cika har waje. Ki roƙi fadan cocinku ya yi masa salla, shi da Baba Tiburcio. In za su bar ki ki zo daren ƙarshe, ki zo, Mama ba ta faɗa ba amma ƙofa take kallo.

Yeison ya ce hirar za ta rufe wani lokaci cikin mako mai zuwa, ya tambaya ko ina so ya gaya mini ranar da sa'ar. Na ce kada ya gaya mini. Yau na farka da asuba kamar kullum, hannuna har ya kai kan waya. Na mayar da shi ƙarƙashin zane, na kwanta ina jin Mama tana hura wuta a kicin. Ba ta leƙo ba.

Allah ya ji ƙansu, ya ba mu haƙuri. Ki kula da kanki saboda mu.

Ƙanwarki da ke kewarki,
Ledys